Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Haƙƙin Mawaƙi da na Mai Saye a Birnin Yamai

Duk wanda ya ratsa birnin Yamai, tun daga gadar Kennedy har zuwa Wadata, ko da rana ko da dare, kunnensa ba zai huta da kiɗa ba. Akwai shi cikin taksi, akwai shi a shagon tela da na mai aski, a gidajen abinci, a wuraren biki da suna, ga shi kuma cikin salular da ke aljihun yaro da babba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare da waƙa ta isa a banza. Wani ya biya mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa, wani ya sayi intanet, wani kuwa ana cire masa ƴan daloli saboda waƙar da masu kiransa ke ji kafin ya ɗauka. Ke nan jama'a suna biya. Amma in aka waiwayi mawaƙa da makaɗa, kukan da aka saba ji daga bakinsu shi ne, sunansu ya yi nisa, aljihunsu kuwa yana nan inda yake. To, in mai sauraro ya biya, mai waƙa bai karɓa ba, babu shakka kuɗin sun tsaya a hannun wanda ke tsakani. Sanin ko wannan na tsakani yana yi wa ɓangarorin biyu adalci, shi ne abin da ya kamata a bincika.

Daga fada zuwa kaset

A zamanin da, wannan magana ba ta taso ba, domin muryar mawaƙi ba ta rabuwa da jikinsa. Makaɗin fada yana da ubangidansa, wanda ke ba shi doki da riga da hatsi. Makaɗin noma ko na kokowa yana karɓar kyautarsa a fili, a gaban shaidu, kafin taro ya watse. Wanda ke son jin Ma'azu Ɗan Alalo sai ya je inda yake a Damagaram, mai son jin Ɗan Gurmu sai ya same shi a Tawa ko ya gayyato shi. Wanda ya ji daɗi shi ne ke biya, wanda ya yi wahala shi ne ke karɓa, babu na uku.

Garmaho da faifai su ne suka fara raba murya da mai ita. Daga nan sai rediyo, wanda aka buɗe a Yamai a shekarar 1958, aka kuma sa masa suna Muryar Sahel a 1974. Sai kaset ya shigo cikin shekarun 1970, ya yi abin da faifai bai iya ba, domin duk mai rikoda biyu yana iya haifar da kaset goma daga guda ɗaya. A Babbar Kasuwar Yamai, kafin gobarar 1982 da kuma bayan sake buɗe ta a 1987, masu kaset suna jere da tebura, ana samun Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, ana samun na Kongo da na Indiya. Ba a musun alherin da kaset ya yi, don ya kai muryoyin mawaƙan ƙasar nan har rugar makiyayi da bukkar manomi. Sai dai shi ne ya tsinke igiyar da ke tsakanin jin daɗin mai sauraro da tukunyar gidan mawaƙi. Dokar haƙƙin mai fasaha ba wani abu ba ce illa yunƙurin ƙulla wannan igiya.

Abin da doka ta tanada

Asalin tsarin da Nijar ke bi ya faro ne daga Faransa. A shekarar 1847 wani mai tsara waƙoƙi, Ernest Bourget, ya shiga wani gidan shaye-shaye da kiɗa a birnin Paris, ya tarar ana rera waƙarsa don jawo masu ciniki.  Magana ta kai gaban alƙali, shari'a ta ba shi gaskiya, kuma daga nan ne aka kafa ƙungiyar SACEM a 1851, wadda ke karɓar kuɗi daga masu amfani da waƙa ta raba wa masu ita. Hujjar mai sauƙi ce: wanda waƙa ta kawo masa ciniki, ya ba mai waƙa rabonsa.

Nijar ba ta makara ba wajen amincewa da wannan hujja a gaban duniya. Ta tabbatar da zamanta cikin yarjejeniyar Berne ta 1886 tun shekarar 1962, yarjejeniyar da ta ce a kare aikin mai fasaha muddin ransa, da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa. Tana cikin ƙasashe shida na farko da amincewarsu ta sa yarjejeniyar Roma, mai kare masu rerawa da masu kaɗawa da gidajen rediyo, ta fara aiki a 1964. Haka kuma tana cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, wadda yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977 ta kafa, mai hedkwata a Yawunde.

A cikin gida kuwa an daɗe ana dogaro da dokar Faransa ta 11 ga Maris 1957 da aka gada. Sai a zamanin gwamnatin riƙon ƙwarya da ta biyo bayan babban taron ƙasa na 1991 aka samu doka ta ƙasa, wato mai lamba 93-027 ta 30 ga Maris 1993. A watan Disamba na 1995 aka kafa hukumar kula da haƙƙin masu fasaha, wadda aka fi sani da BNDA, a ƙarƙashin ministan al'adu. Daga baya doka mai lamba 2010-95 ta 23 ga Disamba 2010 ta maye gurbin ta 1993.

Doka ta ba mai fasaha haƙƙi iri biyu. Na farko shi ne na suna da mutunci: a ambaci sunansa a kan aikinsa, kada kuma a yanka aikin ko a jirkita shi yadda zai zubar masa da daraja. Wannan ba a sayar da shi. Na biyu shi ne na dukiya: ba a buga aikinsa, ba a yaɗa shi, ba a sa shi gaban jama'a sai da izninsa da kuma lada. Wannan ana iya sayar da shi ko a ba da hayarsa, kuma a nan ne yawancin rigima take. Ban da haka, doka ta kula da waƙoƙi da tatsuniyoyi da raye-rayen gargajiya waɗanda ba a san wanda ya fara su ba, ta ɗauke su dukiyar al'umma, wadda ba a kasuwanci da ita sai da izni.

Inda kuɗin ke maƙalewa

Doka kam ga ta nan, ba ta gaza ta sauran ƙasashe ba. Abin da ke kawo cikas shi ne hanyar da kuɗi ke bi, kuma wurare huɗu ne suka fi maƙalewa.

Wuri na farko shi ne gidajen rediyo da na telebijin, da otel-otel, da gidajen rawa da na biki. Tun da aka ba masu zaman kansu damar buɗe rediyo cikin shekarun 1990, tashoshi sun yawaita, kuma waƙa ce ke cika mafi yawan sa'o'insu. Abu biyu ake bukata daga gare su: kuɗin izni, da jerin sunayen waƙoƙin da suka sa. Mutane sun fi kula da na farko, alhali kuwa na biyu bai gaza shi muhimmanci ba. In babu wannan jeri, ko an biya kuɗin, hukuma ba ta da ma'aunin da za ta raba su da shi, sai a koma ga kintace, kintace kuwa yakan fifita wanda ya riga ya yi suna a birni a kan mawaƙin Gaya ko na Magariya wanda ake sa waƙarsa kullum a rediyon karkara.

Wuri na biyu shi ne teburin mai tura waƙoƙi, magajin mai kaset. Saurayi ne da kwamfuta guda a bakin kasuwa ko tasha, yana cika wa mutane katin salula da waƙoƙi da finafinai. Jarinsa ƙarami ne, ribarsa ma haka, amma kayan da yake sayarwa ba nasa ba ne. Abin da irin wannan ciniki ke iya yi an gan shi a Kano. Sana'ar finafinan Hausa, wadda ta tashi tun daga Turmin Danya na 1990, ta rayu ne a kan sayar da kaset da faifai a kasuwar Ƙofar Wambai. Da turawa a salula ta yi ƙarfi, cinikin faifai ya mutu, masu shirya fim da yawa suka koma sa ayyukansu a YouTube da tashoshin telebijin. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Wuri na uku shi ne kamfanonin salula, masu sayar da waƙar jiran kira. A nan kuɗin suna da yawa, lissafinsu kuma yana nan daram cikin na'ura, domin babu dalar da ke fita daga layin mutum ba a rubuta ta ba. Amma tsakanin kamfani da mawaƙi yawanci akwai dillali, kuma mawaƙin da ya sa hannu a takardar da aka rubuta da Faransanci, wadda ba a fassara masa ba, bai san sau nawa aka sayi waƙarsa ba, balle ya san kasonsa.

Wuri na huɗu shi ne manyan kamfanonin intanet na ƙetare. Spotify, alal misali, ya buɗe ƙofarsa ga Nijar a 2021. Yana tara kuɗin da ya samu, ya ware wajen kashi biyu cikin uku ga masu haƙƙi, ya raba gwargwadon yawan sauraro. Kuɗin ba sa zuwa hannun mawaƙi kai tsaye, sai ta hannun kamfanin da ya buga aikin ko dillalin da ya ɗora shi. Tun daga 2024 kuma, waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta samun kome daga wannan rabo. Mawaƙin da masoyansa ke tura wa juna waƙarsa ta WhatsApp, ko da sun kai dubu ɗari, a idon wannan lissafi ba shi da mai sauraro ko ɗaya.

Shilin goma na Solomon Linda

Haɗarin sa hannu ba tare da sani ba, babu labarin da ya fi bayyana shi kamar na Solomon Linda na Afirka ta Kudu. A 1939 ya rera waƙarsa Mbube a ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo a Johannesburg, aka ba shi shilin goma. Waƙar ta haye teku, aka sake mata riga a Amurka, ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin da suka fi yaɗuwa a duniya, har ta shiga fim ɗin The Lion King na kamfanin Disney a 1994. Shi kuwa Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006, bayan an kai ƙara kotu, aka yi sulhu da magadansa. Abin lura a nan shi ne, ba ɓarawon dare ne ya ɗauke wannan dukiya ba. Takarda ce aka rubuta, aka sa hannu. Wannan ya nuna cewa abu yana iya bin ƙa'idar ciniki amma ya saɓa wa adalci, muddin ɗaya ya san darajar kaya, ɗayan bai sani ba.

Misalai biyu daga gida

Ba kullum ne labari ke ƙarewa da baƙin ciki ba. Mamman Sani, makaɗin organ na Yamai, ya ɗauki kiɗansa a ɗakin rediyon ƙasa a 1978, aka yi kaset ƴan kaɗan. Shekaru da yawa jama'a suna jin wannan kiɗa tsakanin shirye-shiryen rediyo da telebijin, da yawansu ba su san mai shi ba. A 2013 wani ƙaramin kamfani na birnin Portland a Amurka, Sahel Sounds, wanda Christopher Kirkley ya kafa, ya neme shi, suka daidaita, aka sake buga aikin a faifai da sunansa, har ya je Turai ya yi wasa.

Haka Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008. Ba a sayar da su a kanti ba, salula ce ta riƙa miƙa wa salula har suka isa Kidal ta ƙasar Mali, inda Kirkley ya tsince su cikin katin waya. Kafin a buga su a faifan Music from Saharan Cellphones na 2011, sai da aka bi sawun masu waƙoƙin, aka ware musu kaso daga abin da aka sayar. Daga nan ƙofar duniya ta buɗe masa.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na ɗaya, turawar da ba ta biya shi ko dala ba, ita ce ta kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta kai ba, saboda haka mai tura waƙa ba maƙiyi ba ne, abokin ciniki ne da ba a riga an yi lissafi da shi ba. Na biyu, ɗan kasuwar da ya yi niyyar biya zai gano mai kaya ko yana bayan tudun rairayi. Wanda ke zaune birni ɗaya da mawaƙi ba shi da hanzarin cewa bai san inda zai same shi ba.

Shi mai saye fa?

Ana yawan mantawa da cewa doka ba don mai fasaha kaɗai aka yi ta ba. Ta bar wa jama'a nasu fili. Mutum yana da damar kwafar abin da ya mallaka don amfanin kansa da iyalinsa. Malamin lakwal yana da damar ɗauko wani yanki don koyarwa, ɗan jarida da mai bincike suna da damar kawo ɗan guntu don bayani, muddin sun ambaci mai aikin. Bayan wa'adin kariya ya cika kuwa, aikin ya zama na kowa.

Amma shi ma mai saye ana ƙwarar sa ta hanyoyi da dama. Wanda ya sayi faifan jabu da ya tsaya a tsakiyar fim ba shi da inda zai kai kuka, araha ba ta ado. Mai salula yakan latsa lamba bisa kuskure, ya wayi gari an ɗaura masa waƙar jiran kira mai sabunta kanta, kuɗinsa suna zurarewa, hanyar kwancewa kuma ta fi ta ɗaurawa wuya. Irin wannan kuka yana cikin abin da hukumar ARCEP mai sa ido kan harkar sadarwa ta cancanci saurara.

Akwai kuma wani sauyi babba da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Wanda ya sayi kaset a 1985, kaset ya zama nasa: ya ara wa maƙwabci, ya sayar, ya bar wa ɗansa gado. Wanda ke biyan kuɗin wata a intanet kuwa bai mallaki kome ba, izinin sauraro kawai ya saya, ranar da ya daina biya ko kamfani ya janye waƙar, shi ke nan. A 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin karatu na Kindle ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga hannun mutanen da suka riga suka biya, ya mayar musu da kuɗinsu, saboda wanda ya ɗora littafin ba shi da izni. Mai kantin littattafai na da bai taɓa samun ikon shiga ɗakin mutum ya ɗauke abin da ya sayar masa ba.

Ga kuma wanda ke son biya ta halal amma ƙofa a rufe take, domin an ce sai da katin banki, alhali yawancin ƴan ƙasar nan ba su da ajiya a banki. Ba adalci ba ne a toshe wa mutum hanyar saye sannan a kira shi ɓarawo.

Hanyar gyara

Duk waɗannan matsaloli tushensu ɗaya ne, wato lissafin da ɓangare guda kaɗai ke gani. Maganinsu ma ɗaya ne, a fito da lissafi fili.

Wajibi ne ga mawaƙi ya yi rajistar ayyukansa a BNDA, domin abin da ba a rubuta ba, ba a raba masa kuɗi. Kada ya sa hannu a takarda sai ta faɗi abu uku a sarari: shekara nawa, a waɗanne ƙasashe, kashi nawa. Wajibi ne ga gidajen rediyo da telebijin, na gwamnati kafin na kowa, su biya a kan kari, su kuma miƙa jerin abin da suka sa. Masu tura waƙoƙi, maimakon a riƙa korar su da ƴan sanda, ya fi kyau a haɗa su cikin ƙungiya, a ba su takardar izni da kuɗi daidai ƙarfinsu. Kamfanonin salula su nuna wa mawaƙi adadin cinikinsa, su kuma nemi yardar mai layi kafin kowace sabuntawa.

Akwai kuma hanyar da maƙwabta suka gwada. A Burkina Faso, ƴan duwan suna karɓar wani ɗan kaso a kan na'urorin da ake kwafa da su lokacin shigowarsu ƙasa, a miƙa wa hukumar BBDA ta raba wa masu fasaha. Ta haka mai saye ya samu damar kwafa don kansa ba tare da laifi ba, mai waƙa kuma ya samu diyya. A 2023 ƙungiyar UEMOA ta zartar da umurni na daidaita wannan tsari tsakanin ƙasashenta, Nijar kuwa tana cikinsu. Sai dai irin waɗannan kuɗi amana ce mai nauyi, don haka ita ma hukumar da ke karɓa ya kamata ta riƙa bayyana kowace shekara abin da ya shigo, da abin da aka kashe wajen aiki, da abin da aka raba.

Daga ƙarshe, dokar da mai ita bai iya karantawa ba, rabin doka ce. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, babu sauran dalilin da zai hana a fassara dokar 2010 da samfurin takardar yarjejeniya cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauran harsuna, a kuma karanta su a rediyo don waɗanda ba su yi lakwal ba.

Ƙasar nan ba ta yi rowa ba wajen girmama masu fasaharta. Ta sa wa gasar waƙar zamani sunan Ɗan Gurmu tun 1987, ta sa wa cibiyar koyar da kiɗa ta Yamai sunan Alhaji Taya. Amma kyautar gasa rana ɗaya ce, tukunya kuwa kullum ake ɗora ta. Addini da al'ada duka sun yi horo da a biya ma'aikaci ladansa ba da jinkiri ba, a kuma cika wa mai saye mudu. Ɗan kasuwar da ya kiyaye waɗannan biyu ba zai yi asara ba, domin in mawaƙi ya ƙoshi zai ƙara waƙa, in mai saye ya yarda da ma'auni zai dawo gobe. Allah ya sa masu hannu cikin wannan al'amari su ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa.